Injin ban-ruwa na sola a fadamar Auyo: a saya yanzu, ko a jira makamashin sararin samaniya?

Duk wanda ya taɓa noman rani a fadamar Kogin Hadeja ya san cewa ruwa yana nan kwance a ƙarƙashin ƙasa, ɗago shi zuwa fangali ne yake cinye kuɗin manomi. Kakanninmu da jigo suka riƙa ɗago shi, shi ya sa lambunansu ba su wuce gwargwadon abin da damtsen mutum ɗaya zai iya shayarwa kafin rana ta take ba. Da ƙananan injinan fetur suka bazu a ƙauyuka, musamman a shekarun 1990 lokacin da shirin bunƙasa noman fadama da Bankin Duniya ya tallafa wa ya yawaita ƙananan rijiyoyin burtsatse, sai lambu ya zama gona, alkama da shinkafa da albasa suka rufe filayen da a da suke zama fayau har faɗuwar damina. Tun daga lokacin kuma farashin litar fetur ya zama shi ne yake yanke wa manomi faɗin abin da zai noma.

A ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki, lita tana ƙasa da naira 200 a farashin hukuma. Cikin 'yan kwanaki ta haura naira 500, a watan Yuli ta wuce 600, zuwa Oktoban 2024 kuma ta tsallake naira 1,000 a gidajen mai da dama, mu kuwa da muke nesa da gidan mai a hannun 'yan bumburutu muke saye, da ƙarin ladan dakonsu a kai. Matatar Dangote da ke Legas, mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana, ta fara fitar da fetur a Satumban 2024, kuma an ga sauƙi jefi-jefi, sai dai ɗanyen mai da dala ake yi masa kuɗi, kasuwarsa kuma ba ta taɓa zama wuri ɗaya ba. A 1973 farashinsa ya ninka har sau huɗu cikin 'yan watanni, a Yulin 2008 ganga ta kai dala 147, a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren ta sake haura dala 120. Ga kuma faɗuwar naira, daga wajen 460 a kan dala ɗaya a tsakiyar 2023 zuwa sama da 1,500 a 2024. Manomin Auyo, a nan Jihar Jigawa, ba shi da hannu a ko ɗaya daga cikin waɗannan al'amura, amma dukkansu a jarkarsa suke ƙarewa.

Wannan hali ne ya kai ni ga sayen injin ban-ruwa mai aiki da hasken rana a wani shago da ke cikin garin Hadeja, kuma a kansa ne, da kuma yadda shagon ya yi mu'amala da ni, nake wannan sharhi. Kayan sun ƙunshi farantan sola huɗu, kowanne an rubuta masa wat 550, da famfo mai bakin inci biyu wanda ake girkawa a bakin rijiya kamar na fetur, mai cin kilowat ɗaya da rabi, da ƙaramin akwatin sarrafa wuta da masu sana'ar suke kira kwantirola, sai wayoyi da ƙarafan ɗora farantan. Babu batir a ciki, wato da rana yake aiki, da faɗuwarta kuma ya tsaya. Kuɗin duka, har da dako da ladan haɗawa, ya haura naira miliyan ɗaya, kuma sai da na sayar da hatsin da na ajiye tare da wasu dabbobi kafin na haɗa shi.

Kafin in shiga bayanin aikin injin, akwai wata magana da ta kamata a warware, domin na ga ta hana wani dattijo maƙwabcin gonata yanke shawara. Jikansa ne ya nuna masa wani bidiyo a waya, inda ake cewa sararin samaniya cike yake da iskar haidurojin, kuma nan gaba kumbo zai riƙa zuwa ya ɗebo ta a kawo duniya, fetur ya zama tarihi. Da na ba shi shawarar mu haɗa kuɗi mu sayi injin sola babba, sai ya ce mini, "Malam, ni dai zan ɗan dakata, kada in zuba dukiyata a faranti, gobe a kawo man da ya fi shi araha." Na ce, "Baba Alhaji, bari in duba maganar da kyau, in ta tabbata ni ma sai in jira." Mutumin da tsadar mai ta sa ya rage rabin gonarsa ya cancanci a ba shi amsa ta ilimi, kuma ina jin akwai irinsa da yawa.

Tushen labarin gaskiya ne. Haidurojin shi ne sinadarin da ya fi kowanne yawa a halitta, kusan kashi 75 cikin 100 na nauyin abin da taurari da sauran halittun sama suka ƙunsa, kuma makamashi ne mai ƙarfi wanda idan ya ƙone ruwa kawai yake bari. Kilo ɗaya nasa yana ɗauke da ƙarfin da ya kusa na lita huɗu ta fetur. Tun a 1960 wani masanin kimiyya ɗan Amurka, Robert Bussard, ya kawo shawarar kumbon da zai riƙa zuƙar haidurojin a kan hanyarsa yana amfani da shi, kuma har yau shawarar a takarda take. Dalili shi ne yawan da ake magana a kai ya watsu ne a fili marar iyaka. A tsakanin taurari, abin da ake samu a matsakaici bai wuce ƙwayar zarra ɗaya ba a cikin kowane murabba'in sarari mai santimita ɗaya ta kowace fuska. Idan aka buga lissafi a kan haka, kafin a tara kilo ɗaya tak sai an share sararin da ya kai kusan rabin girman duniyar nan da muke kai, a tace shi tsaf ba tare da ƙwaya ta kuɓuce ba, sakamakon wannan aiki duka kuma bai kai man da injina na fetur yake sha daga hantsi zuwa azahar ba.

Inda haidurojin ya taru da yawa shi ne manyan duniyoyi irin su Jufita, wadda mafi yawan jikinta wannan iska ce. To amma nisa da nauyi sun tsaya a tsakani. Kumbon Juno na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya tashi a Agustan 2011, bai isa Jufita ba sai Yulin 2016, kuma tafiyar zuwa ce kawai, ba da kaya ba. Abin da zai kuɓuce wa ƙarfin da duniyarmu take jawo abubuwa da shi sai ya yi gudun kilomita 11.2 a daƙiƙa, wanda zai kuɓuce wa jan Jufita kuwa sai ya kusa kilomita 60 a daƙiƙa, ga shi kuma ɗauke da lodi, ga buƙatar a sanyaya iskar zuwa digiri 253 ƙasa da sifili kafin ta zama ruwa a iya zuba ta a tanki. Don a gane tsadar kawo kaya daga sama, a dubi kumbon OSIRIS-REx, wanda ya tashi a 2016 ya dawo a Satumban 2023 da ƙasar wani dutsen sararin samaniya mai suna Bennu. An kashe wajen dala biliyan 1, an yi shekara bakwai, abin da aka kawo giram 121.6 ne, wanda ba zai cika gwangwanin madara ba. Masu binciken da suke magana da hankali a kan haƙar makamashi a sama, misali ƙanƙarar ruwan da aka tabbatar da ita a kudancin wata a 2009, suna nufin a yi man roka a can a kuma ƙone shi a can, don a huta da ɗaga shi daga ƙasa. Babu mai lissafin sauko da shi a sayar wa manomi.

Abin da bidiyon bai faɗa ba shi ne ba mu da ƙarancin haidurojin a nan ƙasa. Ruwan da nake zubawa a fangali haɗin haidurojin da oksijin ne, kuma a cikin kowace lita 9 akwai kilo ɗaya na haidurojin. Wahalar tana wajen raba su, domin na'urar da ke raba ruwa da lantarki tana cin wajen kilowat 50 na awa guda kafin ta ba da kilo ɗaya, shi kuma kilon in an ƙone shi wajen 33 kawai yake mayarwa. Na gwada wannan lissafi a kan farantaina. A rana mai haske suna tara kamar kilowat 10 na awa guda, saboda haka sai sun yi wajen kwana biyar suna aiki kafin su haɗa kilo ɗaya, wanda zai juya injin fetur na awa uku ko makamancin haka, alhali in an bar wutar ta tafi kai tsaye cikin famfo, kwana biyar ɗin nan cur ruwa yana gudu. Shi ya sa ma mafi yawan haidurojin da duniya ke samarwa, sama da tan miliyan 90 a shekara, daga iskar gas da kwal ake fitar da shi, kuma matatun mai da masana'antun taki ne suke shanye shi. Buhun yuriya da muke saye, na Indorama ko na Dangote, da haidurojin da aka ciro daga iskar gas aka yi shi, don haka tsadar gas tana biyo mu har ta wannan ƙofa.

Akwai wani labari da ya fi kusa da mu, kuma ya fi cancantar a sa masa ido. A ƙauyen Burakebugu na ƙasar Mali, kimanin kilomita 60 daga Bamako, masu haƙar rijiyar ruwa sun ci karo da iska a 1987, wuta ta tashi, aka toshe ramin. Da aka sake buɗe shi bayan shekaru sai aka tarar kusan zallar haidurojin ce take fitowa daga ƙasa, kuma daga 2012 aka yi amfani da ita wajen ba ƙauyen lantarki. Wannan ya sa kamfanoni a ƙasashe da dama suka shiga neman irinta a ƙarƙashin ƙasa. Ko da za a dace, tsakanin gano iska da kai ta gona akwai bututu da tankuna da injinan da za su iya ƙona ta, kuma alkamar bana ba za ta jira su ba.

Na koma wurin Baba Alhaji da wannan bayani, na kuma ƙara masa da abin da ni kaina ya fi ratsa ni. Rana ita ma kusan kashi uku cikin huɗu na nauyinta haidurojin ne, kuma cikin ikon Allah a kowace daƙiƙa tana narkar da wajen tan miliyan 600 nasa ya koma sinadarin hiliyam, daga nan ne zafi da haske suke fitowa. Hasken yana keto tazarar kilomita miliyan 150 cikin minti takwas da 'yan daƙiƙoƙi, ya sauka a kan kowane murabba'in mita na gonarmu da ƙarfin da ya kai wat 1,000 da tsakar rana. Ke nan makamashin haidurojin na sararin samaniya yana iso mana kullum ba tare da kumbo ba, faranti kuma yana kama wajen kashi ɗaya cikin biyar nasa. Abin da ya rage a tambaya shi ne ko kayan da ake sayar mana a Hadeja suna yin wannan aiki yadda ya kamata.

Da sassafe injin ba ya motsi ko da gari ya waye tangararan. Sai rana ta ɗaga, inuwar ƙarafan ta fara gajarta, sannan koriyar fitilar kwantirola ta kama, a ji wani siririn ƙugi daga famfon, tiyon da ke kwance a lanƙwashe ya fara kumbura daga gindi yana miƙewa a hankali har ruwan ya leƙo baki. Da fari zirara yake yi, da ƙyar yake jiƙa bakin kwalbatin, amma kafin hantsi ya dubi ludayi ya cika tiyo, daga nan har bayan azahar yana zuba da ƙarfi ɗaya, sai wajen la'asar ya fara ja da baya. Aikin kwantirola ne daidaita gudun famfon da gwargwadon wutar da farantan suke bayarwa, shi ya sa in gajimare ya gifta ruwan yake raguwa maimakon injin ya mutu. Babu jan igiya, babu wanke fulogi, babu canjin baƙin mai, babu kwance kabureta saboda gurɓataccen fetur, kuma mutum yana iya jin kiran abokin aikinsa daga ɗaya ƙarshen gonar. A wannan fuska ban sami abin kushewa ba, kuma tun da na girka shi famfon kansa bai taɓa ƙin tashi ba a ranar da akwai rana.

Sai dai duk wanda ya saba da injin fetur mai inci uku dole ya sauya tsarin aikinsa. A kiyasina ruwan da na sola yake bayarwa a awa bai wuce sulusin na wancan ba. Da injin fetur mutum yakan zo da asuba ya kwarara ruwa ya gama kafin zafi, ya wuce kasuwa ko wurin aiki, da na sola kuwa ban-ruwa ya zama aikin yini, ana buɗe fangali ana toshe wani a tsakiyar rana. Na raba gonar kashi-kashi, kowane kashi da ranarsa, na kuma ƙanƙanta fangalolin domin ruwa marar ƙarfi ba ya kai ƙarshen dogon fangali kafin ƙasa ta shanye shi. Albasa da tumatir da tattasai sun ji daɗin wannan tsari ƙwarai, saboda sun fi son ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai, kuma tun da ba na lissafin lita, ban ƙara tsallake ranar ban-ruwa don jarka ta ƙare ba, abin da a baya yake sa furen tumatir zubewa. Shinkafar rani kuwa, wadda take son ruwa ya kwanta mata, ta fi ƙarfin wannan inji in gonar ta wuce 'yar kaɗan. Mai shagon ya ce mini zai ɗauki kadada biyu. Abin da na gani shi ne yana riƙe kadada ɗaya ta alkama ko kayan lambu da kyau, in an wuce haka sai an taimaka masa.

Babban abokin gabarsa hazo ne, kuma abin takaici lokacin hazo shi ne lokacin da alkama take tsakiyar buƙatar ruwa, daga Disamba zuwa Fabrairu. Ranar da hunturu ya turnuƙe, rana ta zama fara fat ana iya kallonta da ido, ruwan yakan ragu ƙwarai, wani lokaci har ya kasa kai ƙarshen tiyo. Ƙurar da take kwanciya a kan gilashin ma tana da nata kason. Na sha shafa yatsa a kan faranti da safe in ga layi ya fito baƙi wuluk a tsakiyar jan gari, kuma da zarar an wanke da ruwa da tsumma mai laushi ana jin muryar famfon ta ɗaga nan take. Wankin ya zama na kullum a wannan lokaci, da safe kafin gilashin ya yi zafi, domin zuba ruwan sanyi a kan faranti mai zafi yana iya cutar da shi. Zafin bazara shi ma yana rage ƙarfi, abin da mutane da yawa ba su zata ba. Wat 550 da aka rubuta an auna shi ne a kan zafin digiri 25, kuma kowane digiri da ya ƙaru yana zaftare wajen sulusin kashi ɗaya cikin 100, ga shi a watan Afrilu iskar Hadeja kanta tana haura digiri 40, ballantana baƙin gilashin da ke shanya. Ɗaga farantan daga ƙasa don iska ta riƙa ratsawa ta ƙarƙashinsu yana taimakawa, haka kuma karkata su kaɗan su fuskanci kudu, tun da a watannin rani ta kudu rana take ratsawa a wurinmu.

Zurfin ruwa ma abin dubawa ne tun kafin a biya kuɗi. Duk famfon da yake zaune a bakin rijiya yana zuƙo ruwa, na fetur ne ko na sola, ba ya iya ɗago shi daga zurfin da ya wuce mita bakwai zuwa takwas, wannan iyaka ce ta nauyin iska, ba laifin kamfani ba. A ƙarshen rani da ruwan fadama ya ja ƙasa, sai da muka haƙa rami muka sauke famfon ciki kamar yadda aka saba yi wa na fetur. Wanda gonarsa take kan tudu gara ya nemi irin famfon da ake zurawa cikin rijiya, kuma wannan yana buƙatar bututu mai faɗi fiye da na ƙananan rijiyoyinmu. Yashi ma yana cin fankar cikin famfon a hankali, don haka rariyar bakin tiyon zuƙa ba abin sakaci ba ce.

Wahalar da ba a faɗa wa mai saye a shago ita ce ta tsaro. Kowane faranti ya haura mita biyu a tsawo, nauyinsa kuma ya fi kilo 25, ga shi abin da ɓarawo zai sayar cikin sauƙi. Injin fetur ɗaure shi ake yi a bayan babur a tafi gida, waɗannan kuwa ko dai a kwana a gona, ko a ɗauki mai gadi, ko a riƙa jigilarsu a amalanke safe da yamma. Jigilar tana da haɗari, domin girgizar hanya tana jawo ƙananan tsagu a cikin faranti waɗanda ido ba ya gani amma suna rage wuta. Mu dai mun haɗu da maƙwabta mun kafa bukka, samari suna kwana bi da bi, na kuma sa an yi wa ƙarafan walda da kusoshin da ba a kwance su da sauri. Da damina ta kawo jiki dole a kwashe komai a kai gida, duk wanda ya ga ambaliyar 2022 a wannan yanki ba zai bar dukiyarsa a fadama ba. A gida kuwa farantan ba su zauna banza ba, ana iya haɗa su da batir su ba da fitila da cajin waya, ko da yake wannan wani kashe kuɗin ne daban.

Game da mayar da kuɗi, kowa ya yi lissafi da alƙaluman gonarsa. Injin fetur mai inci uku yana shan lita ɗaya da wani abu a awa. A ɗauka manomi yana ƙona lita 300 a rani guda, a kan naira 1,000 kowace lita, naira 300,000 ke nan, ban da baƙin mai da kuɗin makanike. A haka kayan sola za su biya kansu cikin rani uku zuwa huɗu, wanda yake noma sau biyu kafin damina, ko yake sayar wa maƙwabta ruwa a ranakun da gonarsa ta ƙoshi, zai riga haka. Farantai masu kyau kamfanoninsu suna ba su lamunin shekara 25, famfo da kwantirola ne ba za su kai haka ba. Wasu abokan aikinmu sun bi hanya mai sauƙin kuɗi, sun sa wa injinansu kaburetar da ke amfani da gas ɗin girki, kuma sun sami ragi na gaske, sai dai shi ma gas farashinsa yana bin dala, ga wahalar kai tukunya gari a cika. Ni ban sayar da tsohon injina na fetur ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya sayar da nasa, saboda ranakun hazo da kuma ranar da za a yi shuka ana son a jiƙa gona duka a yini ɗaya.

Shagon da na yi ciniki da shi ya kyauta a wasu wurare, ya kuma gaza a inda ya fi muhimmanci. Sun kawo kayan har gona a ranar da suka yi alkawari, kuma matashin da ya haɗa su ya san aikinsa. Da na tambaye shi dalilin da ya sa yake kafa wani ƙarfe a ƙasa yana ɗaura masa waya, ya tsaya ya yi mini bayani a natse: "Baba, wannan saboda tsawa ne da kuma tsaron lafiyarku, kada a yarda yara su cire shi, kuma kada a taɓa zare wayar faranti famfo yana gudu." Na ce, "Madalla, Injiniya, Allah ya yi albarka." Na kuma sa ya auna wutar kowane faranti da mitarsa a gabana kafin a ɗora, domin ana yawan kukan cewa akwai tsofaffin farantai da ake liƙa wa sabuwar takarda, nawa dai huɗun sun ba da abin da ya yi kusa da juna. Gazawar tana wajen mai shagon. Bai tambaye ni zurfin rijiyata ba, bai tambayi faɗin gonar ko abin da nake nomawa ba, ya dai ambaci kadada biyu don ciniki ya faɗa. Rasidin da ya ba ni jimillar kuɗi kawai ya ɗauka, babu lambar kaya ko ɗaya, lamunin kuma da baki ya yi shi.

Illar hakan ta fito lokacin da kwantirola ta fara ɗauke wuta da tsakar rana tana nuna jar fitila, a daidai lokacin da albasa take ɗaura kai. Na kai ta shagon na ce, "Alhaji, ga kayanku sun sami matsala, kuma lamunin da ka yi mini bai ƙare ba." Ya karɓe ni da mutunci, amma ya ce babu irinta a ajiye, sai an aika Kano, Kano kuma ta ce sai an jira kaya daga Legas. Na koma kan fetur har gyaran ya zo, kuma a ƙarshe ni na biya kuɗin mota da rabin kuɗin kayan gyara, tun da babu takardar da zan kafa hujja da ita. Matsalar ashe ƙura ce da zafi suka taru a cikin akwatin, abin da 'yar rumfa da share ramukan iska suke magancewa, kuma da an faɗa mini tun ranar farko da ban yi asarar ko lita ɗaya ba. Wanda zai saya ya nemi a rubuta masa sunan kamfani da lambar kowane faranti, da ta famfo da ta kwantirola, da tsawon lamunin kowannensu, da wanda zai ɗauki nauyin jigila in abu ya lalace, ya kuma tambaya a nuna masa kwantirola ta biyu a kan kanta kafin ya ƙirga kuɗi. Baba Alhaji ya bi wannan hanya da ya tashi sayen nasa, kuma da shagon farko ya ƙi rubuta lamuni, sai ya wuce na gaba, inda aka rubuta masa shekara ɗaya a kan famfo da kwantirola, aka kuma turo mai auna zurfin rijiyarsa kafin a zaɓa masa girman inji.